Sunaye Biyar

Kofin bai kai hannunsa ba ya suɓuce. Ruwa ya malale a kan tabarma, kofin ya gangara har bakin ƙofa yana ƙara, Auta kuwa ta yi maza ta mayar da hannayenta baya kamar wadda aka kama da kayan wani.

"Wai ke me ke damunki kwanan nan?" in ji uwarta daga inda take tsugune tana wanke-wanke. "Shekaranjiya faranti, yau kofi. Saura kanki ki saki ya faɗi, kowa ya huta."

Babanta, Maigadi, bai yi dariya ba. Shekararsa goma sha huɗu yana tsaron ƙofar makaranta, ya san yadda yaro yake ɓoye hannu idan ya saci alli, ya kuma san yadda yake ɓoye shi idan ciwo yake yi masa. Ba iri ɗaya ba ne. Ɓarawon alli dunƙule hannu yake yi. Auta a buɗe ta ɓoye nata.

"Zo nan, Auta. Mu ga hannun."

"Ba komai, Baba."

"Na sani. Kawo in ga ba-komai ɗin."

Ta matso tana jan ƙafa. Ya juya tafin zuwa hasken la'asar. Hannun ya kumbura, zane a kan zane, wasu sun yi baƙi, wasu jajaye ne na yau, a gindin babban yatsa kuwa fatar ta ɗaye ta fara ruwa. Ba sai an gaya masa da me aka yi ba. Busasshiyar sanda karyewa take yi ta bar ƙarce, roba kuma faffaɗan shaci take bari. Wannan siririn layin da ke kwantawa ya naɗo gefen hannu, aikin ɗanyen reshen gwaiba ne da aka fere masa gaɓoɓi aka kwantar a ruwa. Mutum ɗaya ne a makarantar ya iya gyara tsumagiya haka. Duk ranar Juma'a bayan an tashi, shi yake zagayawa bayan ajujuwa da wuƙarsa ya yanko su, ya tsoma a tsohon bokitin fenti su kwana har Litinin, malamai su zo ɗakin gadi su zaɓa. Har yabonsa suke yi: "Baba Maigadi, taka ba ta karyewa." Shi kuma ya ji daɗi, don ɗan'adam yana son a ce ya iya aikinsa, ko wane iri ne.

Uwar ta saki tukunya ta taso tana goge hannu a zani. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wane mugun ne? Me kika yi masa?"

"Ban yi komai ba, Inna. Ai ni ce monita."

"Monita! Yaushe aka fara dukan monita? Ba ita ke sa a daki mutane ba?"

Sai da aka daɗe ana lallashi sannan maganar ta fito, guntu-guntu. Malamin ajinsu, wanda yara suka laƙaba wa Agogo saboda ba ya minti biyar bai duba tsintsiyar hannunsa ba, aji uku yake riƙewa shi kaɗai tun da malamai biyu suka bar aiki ba a maye gurbinsu ba. Idan zai fita zuwa wani ajin, sai ya bar wa monita takarda ta rubuta masu surutu. Dokarsa guda ce: aji mai mutum saba'in ba ya rasa masu surutu biyar. Kowane suna bulala biyu. In takarda ta zo da ƙasa da biyar, to monita ce ta rufa wa wasu asiri, ita za ta cike gurbin da hannunta.

"Kuma ba sa surutun ne?" in ji uwar.

"Suna yi, Inna. Amma kowa ne yake yi, kaɗan-kaɗan. In na zaɓi biyar, sauran fa? Monitan da aka cire, waɗanda ba su da bakin ramawa yake rubutawa. Kullum sai ya sa Shiru."

Maigadi ya san Shiru. Yarinya ce 'yar mitsitsiya mai in'ina, benci ɗaya suke zama da Auta, kakarta ke kawo ta da safe ta zo ɗaukarta da rana. Kafin ta harhaɗa "ban yi ba" an gama dukanta an kira na gaba.

"To ke me kike rubutawa?" ya tambaya.

Da yatsu biyu Auta ta zaro wata takarda daga jakarta. Maigadi bai yi nisa a karatu ba, amma ya san siffar sunan 'yarsa ko a juye aka nuna masa. Shi ne a layi na ɗaya. Shi ne a na biyu. Har biyar, kowanne da lambarsa, da kyakkyawan rubutu mai tsabta kamar na gasa.

"Ranar farko Malam ya yi dariya, ya ce wasa nake. Rana ta biyu ya ce raini ne."

"Kwana nawa ke nan?"

"Tara."

Uwar ta juyo kan mijinta, idonta ya kaɗa. "Baban Auta, gobe ka je ka same su. Kai kake buɗe ƙofar, ba za a ce ka ɓata hanya ba." Ta koma wajen tukwanenta, ta ɗauki soso, ta ajiye. Ba ta waiwayo ba ta ƙara da cewa, "Amma ka yi a hankali. Ka san yadda muke."

* * *

Ya san yadda suke. Yayyen Auta biyu makarantar unguwa suka yi, inda yara ɗari suke zama a ƙasa, suka fito ba wanda ya iya karanta wasiƙa. Ita kuwa, shekara shida da suka wuce, Hedimasta ya tarar da ita tsugune a bakin ɗakin gadi tana kwaikwayon haruffan allon makaranta a kan yashi. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Baba Maigadi, wannan ba ta zaman waje ba ce. A ɗinka mata yunifom." Shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu. Gurbin Auta a bakin Hedimasta yake zaune, duk farkon shekara sai ya sake furta shi ga masu makarantar. Maigadi bai taɓa yin sallah bai sa mutumin nan a addu'a ba.

A jikin katangar da ke fuskantar ƙofa an rubuta kalmomi uku da shuɗin fenti, kowanne harafi ya kai tsawon yaro: KIRKI. FARA'A. JAGORANCI. Hedimasta ne ya dawo da su daga wani taron bita, tare da dokar cewa duk wanda ya shigo makarantar sai da murmushi. Maigadi ne ke wanke su da tsumma duk ƙarshen wata. A ƙarƙashinsu ya bi ya wuce ofis, hularsa a hannu.

"A'a! Baba Maigadi da kansa! Shigo, shigo, zauna. Ba a ƙasa ba, ga kujera."

Ya zauna a bakin kujerar. Ya faɗi abin da ya kawo shi a hankali, kamar yadda aka ce ya yi. Hedimasta ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau, ya dafe goshi. Da gaske abin ya taɓa shi, Maigadi ya gani, kuma wannan ne ya fi ba shi wahala daga baya. Da mugu ne, da an san inda za a sa shi.

"Ka san ni ban yarda da duka ba. Ka taɓa ganin bulala a ofishin nan?"

"A'a, Yallaɓai. Bokitin a ɗakina yake."

Hedimasta ya yi ɗan tari. "Malamai sun yi mana ƙaranci, Baba. In na taɓa malamin nan yau, gobe ya ajiye mini alli, aji uku su zauna ba kowa. Yara ɗari biyu. Ka ga inda nake?"

"Na gani, Yallaɓai. To ko za a sauke ta daga monitan? Ta koma bencinta kawai."

"Haba! Ai ita ce hujjata. Duk shekara in an tambaye ni me ya sa 'yar maigadi take nan, da ita nake rufe baki: ga sakamakonta, ga shi har ta zama monita. In na sauke ta, me zan ce? Na ce ta gaza?" Ya jawo aljihun tebur, ya nuna wata takarda ba tare da ya fito da ita ba. "Malam ya riga ya rubuto cewa tana da taurin kai. Na ajiye a nan, ba wanda ya gani. Ɗaya zan iya ɓoyewa. Ba na son ta zama biyu."

Ya rufe aljihun a hankali.

"Jagoranci muke koya mata. Shugaba dole ya iya nuna mai laifi, ko da zuciyarsa ba ta so. Ka yi mata magana irin ta uba." Ya miƙe ya rako shi har ƙofa, ya dafa masa kafaɗa. "Saki fuska mana, Baba. Yara na kallonka."

Maigadi ya saki fuska. Ya bi ta ƙarƙashin kalmomin nan uku ya koma bakin aikinsa.

* * *

Ranar Juma'a ya zagaya bayan ajujuwa, ya tsaya a gindin gwaibar ya daɗe. Sannan ya bar ɗanyun rassan, ya tsinto busassu daga ƙasa, waɗanda gara ta fara ci ta ciki. Ya fere su tsaf suka yi kyau a ido. Bai zuba ruwa a bokitin ba.

Litinin da hantsi, daga inda yake zaune ya jiyo ƙas! Sai dariyar aji gaba ɗaya. Aka jima kaɗan, wata ƙas! Ya sunkuyar da kai yana murmushi, karo na farko da murmushin makarantar ya zo masa ba da doka ba. Da yamma Auta ta nuna masa hannu: zane biyu kacal, su ma ba su kama ba. Har suka tsaya a hanya ya saya mata alawa.

Talata, Malam Agogo ya shigo da wani abu naɗe a aljihun wandonsa. Guntun wayar wuta ce, baƙa, mai kauri kamar ɗan yatsa.

Ba a jiyo dariya ba ranar. Da aka tashi, Auta ta fito da jaka rataye a gwiwar hannu, ta riƙe tafukanta sama kamar mai addu'a. Wayar ba ta naɗe hannu kamar gwaiba. Tsagawa take yi.

Malamin ne na ƙarshe da ya fito, yana tura tsohon babur ɗinsa da ya ƙi tashi. Siririn mutum ne, rigarsa ta jiƙe da gumi, alli har cikin girarsa. Ya tsaya a ƙofa.

"Baba, hannunka ya fara tsufa ne? Jiya ka ba ni kunya a gaban yara."

"Malam, 'yata ce."

"Na sani. Kana tsammani daɗi nake ji?" Ya duba agogo, ya saki hannun. "Tun ƙarfe bakwai nake gudu tsakanin ƙofa uku. In na juya baya aka fasa wa wani kai, ni za a tambaya. Abin da ke riƙe ajin nan ba ni ba ne, takardar ce. Su san akwai takarda, shi ke nan. Yarinyarka ta fi kowa ƙoƙari, wallahi ina sonta. Amma in ta ci gaba da rubuta kanta, ajin ya gane ba abin da zai same su, ni kuma na zama abin wasa. Ta ba ni sunaye kawai."

"Ko ba su yi ba?"

"Ko waɗanne ne, Baba. Biyar."

Ya ci gaba da tura babur ɗinsa. Maigadi ya bi shi da kallo yana neman inda zai tsane shi, bai samu wurin da ya isa ba. A ranar, ba Juma'a ba, ya ɗauki wuƙa ya koma gindin gwaibar. Ya zaɓi rassa mafi ɗanye, ya fere kowace gaɓa har ta yi sumul, ya cika bokiti da ruwa. Yana yi yana tunanin abin da bai taɓa tsammani ba: ashe a makarantar nan, gyara tsumagiya da kyau shi ne iyakar tausayin da aka bar masa.

* * *

A ɗakin gadi ya wanke mata hannun da ruwan ɗumi da gishiri. Ɗaki ne da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: benci, ƙusa mai ɗauke da makullai, ƙararrawar hannu, buta, sai bokitin a lungu. Auta ta cije leɓe, ba ta yi kuka ba. Ya ba ta biro ya ce ta gwada riƙewa. Ta riƙe, ya faɗi. Saura wata ɗaya jarabawa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Gobe ki rubuta."

Ta ɗago ta dube shi. Idon kakarta ne da ita, wanda ba ya kaucewa.

"Baba, ba kai ka ce kada in taɓa ɗora wa wani abin da bai yi ba? Ranar da Yaya ya fasa tulu ya ce kaza ce."

"Ni na faɗa."

"To ka janye ne?"

"Ban janye ba. Cewa na yi ki ajiye shi tukuna. In kin gama makaranta sai ki ɗauka."

"A ina zan ajiye?"

Ya ɗauki tsumman da ya wanke mata hannu da shi ya matse, ko da yake ba sauran ruwa a jikinsa.

"Ji nan," ya ce daga baya, yana magana da sauri kamar mai tsoron kada a katse shi. "Ba sai kin zalunci kowa ba. Ku saba'in ne. Ki bi layi-layi, yau waɗannan biyar, gobe na bayansu. Kowa sau ɗaya a sati uku, bulala biyu kawai. Wa bulala biyu ta kashe? Kin ga an raba daidai, ba wanda ya ɗauki na wani."

Shi kansa sai da dabarar ta burge shi. Ya ji kamar ya samo wata siririyar hanya tsakanin katanga biyu.

"In ban yi ba za a kore ni?"

"Ba a ce kora ba."

"Amma za a yi."

Ta dubi bokitin, ta dubi hannunta.

"To, Baba."

* * *

Kwana uku dabarar ta yi aiki. Rana ta huɗu layi ya zo kan wani yaro da ake saukewa a mota. Washegari uwarsa ta shigo ba ta amsa gaisuwar Maigadi ba, muryarta tana fitowa daga ofis har bakin titi. Hedimasta ya rako ta yana ba da haƙuri, sannan ya sa aka kira monita, ya gaya mata cikin fara'a cewa shugaba yana lura da kyau kafin ya rubuta. Sati na biyu layi ya zo kan manyan bencin baya, waɗanda suka maimaita aji. Suka tare ta a bayan banɗaki suka zubar mata da littattafai a kwata. Aka tsallake su. Aka tsallake 'yar malamar aji biyu. Aka tsallake mai yayye uku a aji shida.

Maigadi bai ga takardun ba. Hannaye yake gani. Duk wanda zai fita sai ya bi ta gabansa, shi kuma idonsa ya koyi sauka kan tafin yara kafin fuskarsu. Da farko hannaye daban-daban ne. Sannu a hankali suka ragu, suka koma waɗansu 'yan ƙalilan da ya riga ya sani tun zamanin tsohon monita: masu yagaggen takalmi, masu zuwa su kaɗai, waɗanda ba a taɓa ganin wani babba ya shigo saboda su ba.

Wata Laraba kakar Shiru ta iso da wuri, ta zauna a kan bencinsa kamar yadda ta saba, tana fifita da gefen mayafi.

"Maigadi mai gadin inuwa. Kai dai ka samu aiki, a biya ka kana zaune."

"Kaka, ki zo mu yi musaya. Ki karɓi makullan, ni in je in yi barcin hantsi."

"Ni da na aure ka ai da ka ga aiki." Ta yi dariya, haƙora uku suka bayyana. Sannan ta matso, ta sassauta murya. "Ka ji wani abin mamaki? Wai jikata ce ake duka saboda surutu. Sau huɗu ke nan."

Maigadi ya kama makullan da ke cinyarsa.

"Da na ga hannun raina ya ɓaci, na ce sai na shiga. Sai kuma na zauna na yi tunani. Yarinyar da tun rasuwar uwarta nake roƙon Allah ta cika mini kunne ko na yini ɗaya? A gida in ta ce 'Kaka' sai na dafa shayi na sha kafin ta kai ƙarshe. To ko dai a cikin 'yan'uwanta bakin yake buɗewa? Ka ga in haka ne ai magani ne. Na ce su yi ta dukan, in dai maganar tana fita." Ta goge ido da mayafi tana murmushi. "Kai da kake nan kullum, ka taɓa jiyo muryarta?"

"Ajin da nisa, Kaka."

"Haka ne. Allah dai ya yi wa Autarka albarka. Ita kaɗai ke zama da ita. Na tambayi jikar tawa wa ke rubuta sunan, ta ƙi faɗa, sai girgiza kai."

Lokacin tashi ya yi. Ya miƙe ya kaɗa ƙararrawa, ya daɗe yana kaɗawa fiye da kullum. Yara suka ɓarke. Can a baya ya hango su biyun: Auta a gaba tana tafiya da sauri, kanta a miƙe, Shiru tana binta da ɗan gudu, ta riƙe gefen jakar Auta da bayan yatsunta don tafin ba ya kamuwa.

* * *

Ƙarshen zango aka yi taro a filin makaranta, aka jera kujeru a ƙarƙashin kalmomin nan uku. Auta ta zo ta ɗaya. Bayan haka Hedimasta ya sake kiranta, ya ba ta takardar yabo ta jagorar ɗalibai mafi kyau, ya gaya wa iyaye cewa ajinta ne ya fi kowanne natsuwa, kuma 'yar maigadinsu ce, don a san makarantar nan ba ta duba gidan da yaro ya fito. Aka yi tafi. Masu makarantar suka gyaɗa kai. Gurbin baɗi ya tabbata.

Uwar ta sa aka yi wa takardar gilashi, ta rataye saman gado. "Ka gani? Da ka biye wa zuciya da yanzu ina muke?" Ba ta jira amsa ba, kuma ba ta dube shi ba.

Hannun Auta ya warke sumul, sai wani siririn farin tabo a gindin babban yatsa. Ba ta ƙara sakin kofi ba. Takan kawo ruwa ta ajiye, ta ce "Ga shi, Baba," ta koma kan littafinta. Labaran aji da take cika musu kunne da su, wane ya faɗi, wance ta yi waƙa, duk sun ƙare. Gidan ya natsu, kamar ajin.

* * *

Litinin ta farkon sabon zango, tare suka iso kamar kullum, don shi ke buɗe ƙofa. Bakwai saura kwata. Filin fayau, raɓa ba ta bushe a kan ciyawa ba, tsuntsaye ne kawai ke hayaniya a kan gwaibar. Ya buɗe ajujuwa ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ɗakin gadi don ya fito da bokitin.

Auta na zaune a kan benci, littafi a cinya, ta yago takarda daga tsakiya. Ta ja lamba ɗaya zuwa biyar a gefe. Tana rubutu a natse, da kyakkyawan rubutun nan nata. Ya tsaya a kanta. Sunan farko gajere ne, ya san siffarsa, don ya sha ganinsa a bayan jakar da Kaka ke ratayowa.

"Auta. Ai ba wanda ya zo tukuna."

"Na sani, Baba." Ba ta ɗago ba. "Ya fi sauƙi in ban ga fuskarsu ba."

Ta cike layi na biyar, ta hura tawadar, ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihu. Ta rataya jaka. Har ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta waiwayo, ba shi ta kalla ba, bokitin ta kalla.

"Baba, in Malam ya zo, ka miƙa masa mai laushi. Wadda ta jiƙu sosai ba ta tsaga fata. Hannun Shiru ƙarami ne."

Ta fita. Ya ji takunta a kan tsakuwa har ya ɓace.

Maigadi ya tsuguna a gaban bokitin, ya naɗe hannun riga, ya tura hannu cikin ruwan sanyi. Ya ɗago ta farko ya lanƙwasa, ya mayar. Ya ɗago ta biyu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sau biyu yana neman wadda ta fi taushi. Duk iri ɗaya suke, miƙaƙƙu, sumul, ba gaɓa ko ɗaya. Ya iya aikinsa.

Daga bakin titi ya jiyo muryar Kaka tana sallama, tana tambaya ko mai gadin inuwa ya tashi.